Ƙwallon da Ban Ci Ba

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah, Masanin abin da ƙiraza ke ɓoyewa, wanda ƙarami da babba ba sa ɓacewa daga rubutunSa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi sawunsu har ranar sakamako.

Bayan haka, ni dattijo ne a unguwar Zango ta Damagaram, ina karantar da fiƙihu a zauren da na gada daga mahaifina. Mutanen garin nan sun san ni da abu biyu: karatu, da wani ƙwallo da aka ce na ci wa ƙungiyar unguwarmu a wasan ƙarshe na kofi, sama da shekara arba'in da suka wuce. Karatun nawa ne, gwargwadon abin da Allah Ya hore. Ƙwallon kuwa ƙanena ne ya ci shi, kuma ranar da aka ci shi ba na ma cikin gari. Haƙƙinsa ne na daɗe ina riƙe da shi, shi ne abin da zan ba da labarinsa.

Ƙungiyar ta samo asali ne daga teloli da mahauta da ƴan koyon kanikanci. Filinmu yana bayan kasuwa, ragarmu azara biyu ce da igiya a sama. Rigunan wasa, waɗanda muke kira mayo, farin yadi ne telolinmu suka ɗinka aka kai marina, saboda haka idan gumi ya keto sai shuɗi ya zuba, mu tashi wasa kowa ƙirjinsa kamar an tsamo shi daga karofi. Da tafiya ta yi tafiya muka shiga ƙarƙashin hukumar wasanni, aka yi wa kowane ɗan wasa kati mai hoto da hatimi, wanda ake kira lisans. Wanda ba shi da shi ba ya taka fili.

Mahaifinmu Goni ne, kakanninsa daga Barno suka zo. Ni ya bar ni ina wasa domin na riga na haddace Alƙur'ani. Ƙanena, wanda na girma da shekara ɗaya da rabi, ya fi ni iya ƙwallo nesa ba kusa ba, amma haddarsa ta tsaya a tsakiya ta ƙi gaba. Wata rana mahaifinmu ya kira shi a gaban almajiran zaure ya ce, "Idan ka sake sa ƙafarka a filin can kafin ka haddace, ban yafe maka ba." Bai ɗaga murya ba. Ba ya ɗaga murya.

A kakar wannan shekara aka tura ni ƙauyen Gaffati in karanta wasu littattafai a gaban wani malami. Na bar katina a hannun mai horar da mu. Ina can ƙungiya ta yi ta cin nasara, har ɗan gabanmu ya karye saura wasa uku. Mai horarwa ya dubi katina, ya dubi ƙanena da ke tsaye a bakin fili. Ka'ida ita ce kafin a fara wasa alƙali ya jera ƴan wasa, ya kira suna, ya dubi hoto, ya dubi fuska. Ni da ƙanena wanzami ɗaya ya yi mana tsagar Barebari, da aska ɗaya, hatimin hukuma kuma ya rufe rabin haɓata a hoton. Alƙalan da ake kawowa daga wasu garuruwa tsagar suke ƙirgawa, ba fuskar ba. Aka kira sunana, ya amsa. Ya buga wasa uku, a na ƙarshe ya ci ƙwallo ɗaya tilo da ya kawo kofi Zango. Ƴan unguwa da suka gane shi suka kama bakinsu, domin da magana ta fita da an karɓe kofin. Sauran gari kuwa sunan da aka faɗa a lasifika suka riƙe.

Kwana biyu bayan haka wani mai jaki ya tsayar da ni a bakin rijiyar Gaffati yana yi mini barka. Kafin ya gama magana na fahimci abin da ya faru. Da na dawo gida mahaifina ya ce, "Na aike ka karatu, ka gudo ka buga ƙwallo?" Ƙanena yana tsaye a bayansa riƙe da buta. Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Da ya aika ya tambayi malamin Gaffati da ya ji gaskiya, amma kunyar tambayar labarin ɗan da ya gudu ta hana shi. Ya yi wata guda ba ya amsa gaisuwata sai da ka.

A cikin wannan watan ƙanena ya zo mini da alwalarsa da Alƙur'ani a hannu. Ya ce, "Yaya, rantse mini ba za ka faɗa wa kowa ba muddin ina numfashi." Na dafa na rantse. Bai sake taɓa ƙwallo ba. Ya ƙarasa haddarsa bayan shekara huɗu, ya kama sana'ar ɗinki. Mahaifinmu ya rasu bai san komai ba, saboda haka bai taɓa janye kalmarsa a kan abin da bai san an yi ba. Wannan shi ne abin da ƙanena ya rayu da shi.

Ƙungiyar ba ta mutu rana ɗaya ba. Mai horarwa ya rasu. Aka yi shekarun fari, samari suka watse neman abinci, wasu kudu wasu arewa. Aka yanka filin aka gina shaguna. Kofin ya yi ta yawo daga gida zuwa gida har ya tsaya a rumfar wani tsohon mai tsaron bayanmu, Bafulatani, wanda ya koma sayar da goro, yana ajiye algararar da yake rufe goro da ita a ciki. Waɗanda suka san maganar suka yi ta raguwa, na yi wa da yawansu salla da kaina, har ya zama saura mu uku: ni, da ƙanena, da mai goro. Shi kuwa, da yake akwai wasa tsakanin Fulani da Barebari, bai taɓa barina na wuce rumfarsa lafiya ba.

"Ga bawana mai ƙafar zinariya! Zo ka nuna wa yaran nan yadda ka buga shi."

"Bafulatani, ka ji tsoron Allah, ka koma wa shanunka."

"Shanun da kakanka ya sace? Karɓi goro, ka ci na banza yadda ka saba cin na banza."

Masu saye su yi dariya, ba su san inda maganar ta dosa ba.

Shekarun baya kaɗan wani Alhaji, ɗan Zango mai motocin dakon kaya, ya tara tsofaffin malaman lakwal, wato makarantar boko, da ƴan kasuwa suka tayar da ƙungiyar. Wannan karon ba teloli da mahauta ba ne. An ɗauko mai horarwa da takardunsa, an ɗauki ƴan wasa masu albashi daga Mirya da Hamdara har da na ƙasashen bakin teku, kuma cikin ƴan shekaru suka hau rukuni na farko na ƙasa. Masu kabu-kabu suka riƙa ɗaura shuɗin ƙyalle a madubin babur. Ina jin hayaniyarsu daga zaure ranar wasa, ina ci gaba da karatuna.

A daidai wannan lokaci hawan jini ya kayar da ƙanena a kan kekensa na ɗinki. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Aka kwantar da shi a gidan likita makonni, aka dawo da shi gida. Kullum bayan karatun hantsi nakan je in taya matarsa juya shi, in shafa masa mai a baya, in karanta masa abin da ya sawwaƙa. Ina shaida wa mai karatu cewa tun daga ranar ban ji baƙin ciki irin wanda na san mutane suna ji ba. Zuciyata ta zama kamar ƙafar da aka daɗe a zaune a kanta: kana ganinta, kana taɓa ta, ba ka jin komai. Ina cin abinci, ina ba da fatawa, ina zuwa suna da jana'iza.

Ana cikin haka Alhajin ya zo zaurena bayan la'asar, ya tuɓe takalmi ya durƙusa.

"Allah gafarta Malam, mun gama ginin biron ƙungiya, wato ofishinmu. Bangon da ke bakin ƙofa za mu rubuta sunayen waɗanda suka ɗauko kofin nan, mutum goma sha ɗaya. Naka zai zauna a sama, da manyan baƙaƙe, a ƙarƙashinsa a ce wanda ya ci ƙwallon. Mahaifina yana cikin ƴan kallo ranar, har ya rasu yana ba mu labarinka."

Na ce, "Allah Ya jiƙansa."

"Amin. Mai fenti zai fara bayan Juma'a biyu. Izininka kawai muke nema. Kuma, Malam, da ka ko da ƙafa ka ci shi? Gardama ake yi a biro."

Na ce masa abin ya daɗe. Wannan ita ce amsar da na shekara arba'in ina bayarwa, kuma ba ƙarya ba ce.

Da ya tafi na zauna na auna lamarin yadda nake auna tambayar wani. Abin da ke bakin mutane iska ce, yana tafiya da masu faɗarsa. Abin da aka rubuta a bango da izinina kuwa ya zama na karɓi abin da ba nawa ba, na kuma sa hannu. Hukuncin rantsuwa ba ya ɓoye gare ni, na karantar da shi ba adadi: wanda ya rantse a kan abu, ya ga waninsa ya fi alheri, ya aikata wanda ya fi alherin ya yi kaffara. Ciyar da miskinai goma ba zai gagare ni ba. Amma kaffara tana warware abin da ke tsakanina da rantsuwata ne kawai. Ba ta warware suturar mutumin da ya roƙe ni in rufa masa asiri a kan saɓa wa mahaifi, alhali yanzu yana kwance ba ya iya cewa a bari ko a faɗa.

Washegari na biya ta rumfar mai goro. Ya riga ya ji.

"To, bawana, za a kafa ka a bango kamar ƙadangare."

"Ba wasa ya kawo ni ba."

Ya dube ni, ya rufe kwandon. "Ni ban rantse wa kowa ba. Ka ce in je in faɗa, yanzu in tafi. Ni na ba shi ƙwallon nan da ƙafata."

"Idan na ce ka je, ni na faɗa."

"Kai dai malamai kun iya ɗaure kanku da igiyar da babu. To je ka tambaye shi mana. Kunnensa bai shanye ba."

Na je. Na roƙi matarsa ta ba mu wuri, ta ce, "To, Yaya Malam," ta ja labule ta fita. Na zauna a gefen katifa ta ɓangaren hagu, na riƙe hannunsa mai motsi. Na gaya masa komai: ginin, bangon, mai fenti. Na ce, "Idan ka sake ni daga rantsuwar nan, matsa hannuna. Idan ba ka sake ni ba, ka bar shi." Na jira. Hannun yana da ɗumi, yana ɗan rawa kamar yadda yake yi kullum. Idonsa yana kan rufin ɗaki. Na maimaita har sau uku. A na ukun yatsunsa suka ɗan motsa, amma haka suke motsawa idan ƙuda ya sauka a kansu. Ba zan gina hukunci a kan wannan ba. Na gyara masa matashi, na karanta masa abin da na saba, na fito.

Na aika aka kira mini Alhajin. Na ce ban yarda a rubuta sunana ba, ko a sama ko a ƙasa.

"Malam, mun yi wani laifi ne?"

"Ba ku yi ba."

"To me za mu rubuta a wurin? Goma ba sa buga wasa."

"Ku bar shi fili."

Ya yi ta roƙo, na yi ta ba shi haƙuri. Aka yi fentin, sunaye goma, da sarari a sama mai faɗin tafin hannu biyu. Gari ya ɗauka. Wasu suka ce Malam ya girma ya ga ƙwallo ƙazanta ne, wasu suka ce girman kai ne, wani mai wa'azi ma ya yaba mini a kan abin da ban nufa ba. Duk ya zo kunnena. Ban ji zafin zagin ba, ban ji daɗin yabon ba.

Ƙanena ya rasu bayan wata biyu, ranar Talata da hantsi, ina tsakiyar juya shi. Ni na yi masa wanka, ni na ja sallarsa. Mutane suna cewa dubi haƙurin Malam. Ba haƙuri ba ne, domin mai haƙuri yana jin abin da yake daurewa a kai.

Bayan addu'ar bakwai na ɗauki mai goro a kabu-kabu biyu muka tafi biron. Kofin yana can cikin akwatin gilashi, an karɓo shi daga rumfar mai goro an goge shi. Na gaya wa Alhajin labarin daga farko har ƙarshe, mai goro yana cike abin da ban gani ba. Alhajin ya cire hularsa ya ajiye a kan tebur.

"Malam, ka san abin da kake gaya mini? Wannan kofin shi kaɗai muke da shi. Da shi na tara mutanen nan, da shi nake gaya wa yara cewa gidan nan ya taɓa yin wani abu. Takardar hukuma sunanka ke ciki. Idan na rubuta a bango cewa wani ne ya ci, na rubuta da hannuna cewa da katin aro muka ɗauko shi. Ƴan unguwar Birni, abokan hamayyarmu, za su yi mana waƙa har jikoki."

Mai goro ya ce, "Su yi mana! Sun ci ne aka hana su? Yaro, ina wurin, kai kana goye."

"Baba, ban ƙaryata ka ba. Amma kai kaɗai ne. Malam, kai ka gani?"

Na ce ban gani ba. Abin da zan iya shaida a kai shi ne ba na nan, ina Gaffati, kuma ƙanena ya yi mini iƙirari da bakinsa. Wanda ya gani da ido mutum ɗaya ne ya rage. Da a zaurena aka kawo wannan magana, da na gaya wa masu ita cewa shaidarsu tana da rauni, kuma na gaya wa Alhajin haka, domin ba zan ƙara wa hujjata nauyin da ba ta da shi ba. Mai goro ya harare ni ya ce, "Kai wa ka zo tayawa, mu ko shi?"

Alhajin ya ce a ba shi lokaci ya zauna da ƴan kwamiti. Suka zauna sau biyu. Abin da suka tsayar shi ne a rubuta sunan ƙanena a sararin nan, cikon na goma sha ɗaya, da baƙaƙe daidai da na sauran, ba tare da an ce shi ya ci ƙwallon ba, ba kuma tare da an ce wani ya ci ba. Wanda ya tambaya a ba shi amsa da baki. Mai goro ya ce wannan rabin gaskiya ne, rabin kuma an bar wa kura. Ni na karɓa, domin suna da ƙungiyar da suke tsoron ta sake faɗuwa, ni kuma ba ni da abin da zan tilasta su da shi.

Ranar da aka rubuta na tafi da babbar ƴarsa, wadda ke koyarwa a lakwal ɗin ƴan mata. A hanya na gaya mata, ita ce ta farko a gidansu da ta ji. Muka tsaya a gaban bangon, fentin bai gama bushewa ba. Ta karanta sunan mahaifinta a hankali, ta sake karantawa.

"Baffa, Baba ya iya ƙwallo? Ko a talabijin ba ya tsayawa kallo. Idan yara suka bugo shi cikin shago, da hannu yake ɗauka ya miƙa musu."

Na ce ya iya.

"To Kaka ya yafe masa?"

Na ce mata kakanta bai sani ba, kuma uban da ya ga ɗansa ya haddace Littafin Allah a gabansa, ya sa masa albarka a ranar, muna kyautata zaton albarkar ta shafe abin da ya gabace ta. Wannan fata ne, ba fatawa ba, na kuma gaya mata haka. Ta ja mayafinta ta rufe fuska ta yi kuka. Na tsaya kusa da ita ina jiran nawa ya zo, bai zo ba. Ƴan wasa suka fito daga atisaye suna raha da wani harshe da ba na ji, suka gaishe mu suka wuce. Da ta natsu na tsayar mata da kabu-kabu, ni kuma na taka da ƙafa, domin azahar ta gabato kuma akwai masu jirana da littattafansu.

Ya Allah Ka gafarta wa ƙanena, Ka haɗa shi da mahaifinmu a inda babu sauran ƙullin zuciya, Ka yafe mini shirun da na yi idan kuskure ne, da maganar da na yi idan ita ce kuskuren. Wanda ya karanta wannan, Allah Ya rufa masa asiri duniya da lahira, Ya sanya albarka a gidansa da iyalinsa, Ya sa ya rabu da iyayensa suna masu yarda da shi. Amin.